Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Tawa zuwa ga hukumomin da ke kula da fasfo da takardun ƴan Nijar mazauna ƙetare

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, da fatan Allah Ya dafa muku a kan nauyin da kuka ɗauka. Ni malamin makaranta ne a nan Tawa, ɗan Adar gaba da baya. Ba da bakina kaɗai nake magana ba. Mun zauna ne mu iyaye da yayyen wasu samari da ƴan mata da suka yi karatu mai zurfi, Allah Ya ba su aikin farko a ƙasashen waje: akwai injiniyoyi, akwai masu aikin jinya, akwai masana kwamfuta, akwai likita ɗaya. Wasu suna Jamus, wasu Faransa da Beljiyam, wasu Maroko, wasu Kanada. Mu ne ƙafafunsu a gida. Duk takardar da aka nema daga gare su can, mu ke shiga rana mu nemo ta nan. Da muka gama kokawa a tsakaninmu, sai aka ce tunda ni ke riƙe da alli, in riƙe alƙalami. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ku karɓi wannan takarda a matsayin kukan ɗa ga mahaifinsa.

Abin da muke so ku sani shi ne, katin zaman da wata ƙasa ke ba ɗanmu, wanda yaran ke kira sejur, a kan takardun gida yake tsaye. Idan fasfon Nijar ya mutu, ko takardar kotu ta makara, ko harafi ɗaya ya saɓa a cikin suna, katin can ne ke girgiza, aikin ya biyo shi, sannan tukunyar gidan da ke jiran aike a Tawa ko Keita ko Buza ta biyo baya.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake a can, domin da yawa daga cikinmu ma sai da wuya ta koya mana. A Jamus, dokar shigowar ƙwararrun ma'aikata ta fara aiki ranar 1 ga watan Maris na 2020. Tana ba mai difilom katin zama na har shekara 4, ko kuma na tsawon kwantiraginsa da ƙarin wata 3 idan kwantiragin bai kai haka ba. Amma dokar zaman baƙi ta ƙasar ta wajabta wa baƙo ya riƙe fasfo mai rai, kuma katin da za a miƙa masa ba ya wuce ranar da fasfonsa zai mutu. A Faransa, wanda ya gama digiri na biyu yana samun kati na wata 12 don neman aiki, kuma ba a sabunta shi. Idan ya samu aiki ya koma katin ma'aikaci, sau da yawa na shekara ɗaya ne tukuna, kafin a ba shi mai tsawon da zai iya kai shekara 4. A Maroko sai ma'aikatar ƙwadago ta buga hatiminta a kan kwantiragin baƙo kafin maganar katin ma'aikaci ta tashi. A duk waɗannan wurare, doka ta hana mai kamfani riƙe ma'aikacin da ba ya da izinin aiki. Ko da uban gidan nasa na ƙaunarsa, ba zai sayi tara saboda shi ba.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, fasfo ne. Ku yi wannan lissafi tare da mu. Fasfonmu shekara 5 yake yi. Yaro ya yi fasfo don tafiya karatu, ya ɓata watanni yana jiran biza, ya yi shekara 2 ko 3 a jami'a, ya ƙara shekara yana neman aiki. Yaushe fasfon zai mutu? Daidai shekararsa ta farko a wurin aiki, lokacin da ya fi kowa rauni. Bai tara kuɗi ba, bai tara kwanakin hutu ba, ba ya da wanda zai tsaya masa. A Jamus lokacin gwaji na iya kai wata 6, kuma a cikinsa da sanarwar mako 2 kawai ake sallamar mutum. A irin wannan hali ne ake ce masa fasfon zamani sai an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa ido da ido, don haka ko dai ya jira ayarin da za a turo daga gida ranar da ba wanda ya sani, ko ya yanki tikitin jirgi ya zo Yamai ya zauna jiran ranar da ita ma ba wanda ya sani. Wasu ma ƙasar da suke zaune, ba mu da ofishin jakadanci a cikinta, sai sun tsallaka wata.

Ba mu ƙi ɗaukar zanen yatsu ba. Mun san don tsaron ƙasa ake yi, kuma fasfon da kowa zai iya ƙirƙira ba ya da daraja a idon duniya. Abin da ke kashe mu shi ne rashin sanin rana. Da an ce ayari zai zo gari kaza a watan kaza, da yaro ya tsara randebunsa da ofishin baƙi na can a kan haka. Da an ce fasfo na fitowa cikin mako kaza, da ya san kwana nawa zai roƙa wurin uban gidansa. Mutumin da ke aiki da agogo ba zai iya shiga ofishin shugabansa ya ce zan tafi gida, sai Allah Ya yi mini dawowa ba.

Zan ba ku labarin ƙanena, amma ba zan faɗi sunansa ko ƙasar da yake ba, don har yanzu takardunsa na hannun hukuma. Injiniyan ruwa ne. A nan ya yi firamare da kwaleji, ya yi digirin farko a gida, ya tafi ya ƙaro. Yana wata na huɗu a aikinsa na farko fasfonsa da katinsa suka zo ƙarshe kusan tare. Ya nemi sabon fasfo da wuri, aka ce ya saurara. Ofishin baƙi na can suka ba shi takardar wucin gadi ta ƴan watanni, suka ce ya dawo da sabon fasfo. Yana cikin wannan sauraro mahaifinmu ya kwanta, bayan kwana 9 Allah Ya karɓi abinsa. Ya kira ni cikin dare yana kuka yana cewa, “Yaya, in zo?” Ni da bakina na ce masa kada ya zo. Na san idan ya shigo ba shi da tabbacin ranar fita, kuma shi ke sayen maganin ciwon sukarin mahaifiyarmu, shi ke biya wa marayun yayarmu kuɗin makaranta, shi ke aiko kuɗin hatsi idan rumbu ya yi ƙasa kafin kaka. Ta waya ya karɓi gaisuwa. Har yau idan muka yi magana ba ya tayar da zancen, ni ma ba na tayarwa. Mutuwa ta Allah ce, ba mu ɗora wa kowa ita ba. Amma rashin ganin gawar uba saboda littafin da ba a san ranar fitarsa ba, wannan aikin mutum ne, kuma mutum na iya gyara shi.

Sai kuma batun sauyin fasfo. Tun ranar 29 ga watan Janairu na 2025, ranar da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta tabbata, aka ba da sanarwar fasfon AES, wato ƙawancen waɗannan ƙasashe uku na Sahel, aka kuma ce tsofaffin fasfo na nan da ƙarfinsu har ranar mutuwarsu. Mun ji, mun fahimta. Amma ma'aikacin da ke zaune a wani ƙaramin ofishin baƙi a wani ƙaramin gari na Turai bai saurari rediyonmu ba. Abin da ya sani shi ne samfurin da ke cikin kwamfutarsa. Idan aka miƙa masa littafin da bai taɓa gani ba, ajiye dosiyen zai yi ya rubuta tambaya sama, kuma kwanakin katin yaronmu ba za su tsaya jiran amsa ba.

Kuka na biyu shi ne takardun kotu da na ma'aikatar magajin gari. Kaziye, wato takardar shaidar rashin laifi, wata 3 kawai take yi. Ana nemanta idan likita ko mai jinya zai karɓi lasisin aiki, ana nemanta a wasu ƙasashe idan mutum zai koma zaman dindindin. Ni na yi wannan hidima, na san ta. Ka karɓo takarda a nan, ka hau kar ka yi tafiyar fiye da kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ka isa Yamai don a buga mata hatimin tabbatarwa, a ce ka dawo jibi, jibi ta zama mako. Ka kwana a gidan ɗan uwa kana jin kunyar nauyin da ka ɗora masa. Ka aika ta, can kuma a kai wa mai fassarar da kotunsu ta yarda da shi. Kafin ta isa teburin da ake jiranta rabin ranta ya tafi, idan randebu ya ɗan goce sai a ce ta tsufa, a sake daga farko. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu, mijinta ya rasu, ɗiyarta mai jinya ce. Sau 3 ta yi wannan tafiya a kan takarda ɗaya. Tunkiya ta sayar a tafiya ta ƙarshe.

Na uku, sunaye. Wannan ciwo ne da muka gada, kuma ban ga ana ɗaukarsa da nauyin da ya kamata ba. A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a difilom Mahamane, a fasfo Mohamed. Wannan Aboubacar ne a kotu, Boubacar a makaranta. Wani an sa sunan mahaifinsa gaba a takarda ɗaya, an mayar da shi baya a ɗaya. Da yawa daga ƴaƴan karkara ba a yi musu takardar haihuwa a kan lokaci ba, sai jujman, wato hukuncin kotu da ke maye gurbinta, daga baya, aka rubuta an haife su wajen shekara kaza, sannan wani ofishi ya mayar da ita 1 ga Janairu, wani ya bar gurbin babu komai. A nan gida duk mun san mutum ɗaya ne, mai unguwa ma zai shaida. Kwamfutar can ba ta san mai unguwa ba. A wurinta mutum biyu ne, kuma wanda ya kawo takardun mutum biyu abin zargi ne. Yaron da bai taɓa yin ƙarya ba sai ya tsinci kansa yana rantsuwa cewa shi ne shi. Gyaran harafi ɗaya kuma sai an koma kotun garin haihuwa, da shaidu, da tambur, da watanni.

Na huɗu gajere ne. Idan hukumar tantance difilom ta wata ƙasa ko mai ɗaukar aiki ya rubuto yana tambaya ko wane ya yi karatu a nan, a amsa masa. Katin ƙwararren ma'aikaci a kan difilom aka gina shi. Wasiƙar da ta kwana wata 2 ba amsa, can fassararta ɗaya ce: ba a san shi ba. Haka nan waɗanda suka gama tun shekaru suna yawo da takardar shaida ta wucin gadi, a fitar musu da difilom ɗinsu na ainihi.

Duk waɗannan kuwa shiru ne ke ƙara musu zafi. Lambar wayar da aka rubuta ba a ɗauka, saƙon intanet ba a mayarwa. Inda hukuma ta yi shiru, dillali ne ke magana. Za ka same shi a bakin ƙofa yana cewa kawo jika kaza in fitar maka gobe. Mai hali ya biya ya wuce, ɗan talaka da ya yi karatu da kuɗin gero da albasa ya tsaya a layi. Adalci ya sa in faɗa cewa na haɗu da ma'aikata masu tsoron Allah. Wata hajiya ta taɓa barin abincinta ta binciko mini dosiye a cikin tarin takardu, ko ruwa ba ta karɓa ba, Allah Ya saka mata. Amma bai kamata makomar yaro ta rataya a kan sa'ar haɗuwa da mutumin kirki ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a fuska: wa ya aike su? Su dawo su yi wa ƙasarsu aiki mana. Ni ma burina ke nan, kuma ƙanena kullum zancensa rijiyoyi da madatsun ruwan Adar. Amma ku duba da kyau ku ga wane ne ke dawowa. Wanda takardunsa suka zauna daram shi ke zuwa hutu, ya ga fili ya saya, ya shiga jami'ar Djibo Hamani ya yi wa ɗalibai lacca, ya fara tunanin buɗe kamfani. A Jamus ƙwararren ma'aikaci na iya samun zaman dindindin bayan shekara 3, wanda ya yi karatunsa a can ma bayan shekara 2. Daga nan ne hankalinsa ke kwanciya har ya iya waiwayen gida. Wanda katinsa ya mutu a hannunsa kuwa ɓuya yake yi, kunya ta hana shi dawowa hannu wofi, injiniya ya koma wankin kwanoni a ɓoye. Ƙasa ba ta same shi ba, iyayensa ba su same shi ba. Ga kuma wani abin da ya ƙara tsoron zuwa gida: ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon watan Janairu na 2024, don haka wanda katinsa na can ya mutu yana nan, neman bizar komawa sai ya fita wata ƙasa.

Mu mutanen Tawa ba baƙin tafiya ba ne. Kakanninmu da iyayenmu sun ci rani a Abijan da Kumasi da Legas da Libiya, da guminsu aka yi rufin kwano a garuruwa da yawa na Adar. Su da ƙarfin damtse suka tafi, waɗannan da takarda suka tafi, bambancin ke nan. Ban kuma wanke yaranmu tas ba. Akwai masu sakaci da ba sa duba ranar mutuwar fasfo sai ta zo musu a wuya, kuma muna ja musu kunne. Ofisoshin can ma suna da nasu jinkirin, wani lokaci mai tsanani. Wancan ba ya hannunku. Na hannunku muke roƙo.

Muna roƙonku ku fitar da jadawalin shekara na ayarin ɗaukar hoto da zanen yatsu, ƙasa ƙasa, gari gari, tun farkon shekara, kuma a cika shi. Inda ƴan ƙasarmu suke da yawa, a ajiye na'urar dindindin a ofishin jakadanci. A yarda mutum ya nemi sabon fasfo tun saura shekara ɗaya tsohon ya mutu, kuma a duba yiwuwar fasfo na shekara 10 ga manya, kamar yadda ƙasashe da dama ke yi. Wannan kaɗai zai raba mutuwar fasfo da shekarar farko ta aiki.

A faɗi adadin kwanakin da kowace takarda ke ɗauka da kuɗinta, a manna a bango, a ba kowa resi mai lamba da zai bi sawun dosiyensa ta waya. Wanda ya nuna takardar randebu daga ofishin baƙi ko kwantiragin aiki, a ba shi layin gaggawa na hukuma mai kuɗi sananne da ke shiga baitulmali, maimakon aljihun dillali. Kafin fasfo ya fito, ofishin jakadanci ya ba shi takardar shaida mai hoto da ke cewa ɗan ƙasarmu ne kuma fasfonsa na kan hanya. A Faransa, alal misali, ana karɓar irin wannan takarda a matsayin shaidar ƙasa a cikin dosiyen katin zama. Ku kuma tabbatar an aika samfurin sabon fasfo ga kowace ƙasa, tare da bayanin cewa tsohon na nan da ƙarfinsa.

A kawo hatimin tabbatar da takardu manyan biranen jihohi, don tsohuwa ta daina hawan kar zuwa Yamai saboda bugu ɗaya na tawada. A samar da takarda guda, mai sauƙin samu, da ke shaida cewa mai waɗannan sunaye mabambanta mutum ɗaya ne, a rubuta ta cikin Faransanci da Ingilishi. Kowace jami'a da babbar makaranta ta ware mutum ɗaya da adireshi ɗaya na amsa tambayoyin tantance difilom.

Roƙonmu na ƙarshe na iyaye ne. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To a yi mana wannan bayani da Hausa, da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci da sauran harsunanmu, a Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara: wace takarda, a wane ofishi, nawa ne, kwana nawa. Yawancin masu yi wa yaran nan zirga-zirga ba su yi lakkol ba, kuma su ne dillalai suka fi ci.

Idan kuna son ganin shaida, resi da tikitin kar da kwafin takardun da suka tsufa a hanya duk suna nan mun adana, kuma a shirye muke mu turo wakilai uku su zauna da duk wanda kuka wakilta, a Tawa ko a Yamai. Takardar wucin gadin ƙanena za ta ƙare bayan ƙaramar Salla, kuma mahaifiyarmu kullum tana tambayata ko littafin ya fito.

Allah Ya ba ku ikon dubawa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam,
Naku, wani malamin makaranta, a madadin iyaye da yayyen matasa ma'aikata mazauna ƙetare,
Tawa.